Tsufan Ajuma Mai Nono

Duk kasuwar Dumega ba wanda bai san Ajuma mai nono ba, doguwar Bafillatanar nan da ake jin dariyarta tun daga rumfar mahauta. Sai dai a danginsu jini kan ɗauke wa mata tun da sauran ƙuruciya. Da na mahaifiyarta Umma ya ɗauke, sai ta kafe cewa ciki ne ya kwanta, ta yi ta shan saiwoyi har furfura, shiru. Ajuma ta rantse ita kam ba za a yi mata wannan dariyar ba.

Ta haifi biyu da mijinta na fari, Giɗaɗo, ɗan baffanta. Kowanne ya kama nono lafiya, kafin ranar suna ido ya yi rawaya, ya koma. Aka tatsi nonon ƙirjinta aka jefa tururuwa ciki don gwaji, ta fito da ƙafarta, nono ba shi da laifi. Bayan rasuwar Giɗaɗo ta ce ta gama auren zumunci, ta auri Illo, Ba'are mai sayar da gishiri, ba Bafillace ba, dangi na ta tsaki. Ɗa ɗaya rayayye take nema kafin nata jinin ya ɗauke.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, jinin ya ɗauke. Ta sha kukanta a bayan rumbu, ta share ido, ta shiga tsufa da ƙarfinta. Ta rabar da awarwaronta, ta koyi cin taba, har da dogara sanda. Watanni na tafiya, sai ga ciki na tasowa.

"Ajuma, wanga ciki hwa?" in ji Illo.

"Hura ce, maigida. Tsohuwa ba ta ƙiba?"

"Hura na motsi?"

"Ka bar ni! Ni ba Umma ba ce."

Kai, taurin kai! Ranar kasuwa tana tsakiyar damun hura naƙuda ta kama ta. Mata masu nono suka kewaye ta da zannuwa, sai ga ɗiya mace.

Tsoro ya hana ta murna. Kullum da safe sai ta buɗe idon jaririyar a hasken rana. Aka yi suna, Balki, ido fari tas. Arba'in ta wuce, yarinya na tsotso kamar maraƙi.

Bafillatana ba ta nuna son ɗa a gaban mutane. Ajuma ta ɗaga Balki sama a tsakiyar kasuwa, tana kuka tana dariya.

"Ku dubi idonta, jama'a! Don Allah ku duba!"