Na ɓoye wa likitata gaskiya har na yi aman jini

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuto muku wannan labari, kunya ce take hana ni. A shekarun da abin ya faru ina da 'ya'ya huɗu, ina sayar da shayi da gahawa a bakin kasuwar amfanin gona ta Gadarif, inda ake sauke buhunan riɗi da dawa. Maigidana yana aikin gona a Ƙala'at an-Nahal, daga faɗuwar ruwa ba ma ganinsa sai an gama yankan riɗi. Murhun gawayina da 'yan kujeru shida su ne suke riƙe da gidan.

Ciwon ya fara daga wuya da kafaɗu, ya gangara gadon baya, daga nan ya game jikina duka. Sai in wayi gari kamar an kwana ana jibga ta da taɓarya. Wani lokaci gefen mayafina kawai zai goge min hannu in ji kamar wuta. Mutum ya ce shayi, in miƙa masa gahawa. An auna jinina an ce ba zazzaɓin sauro ba ne, an ɗauki hoton ƙashi an ce lafiya lau. Wannan lafiya lau ɗin ita ta fi komai tsorata ni, don ciwon da ba a gani ba wanda zai yarda da shi. A lokacin hukuma tana yawan kai wa masu shayi samame, muna ce masa kasha. Ranar da aka zo mana, kowace mace ta suri kayanta ta gudu, ni ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ina zaune ina kallo aka loda murhuna a mota.

Bayan haka ne na je wurin wata likita mace a asibitin gari. Ita ce ta fara saurare na har na kai aya. Ta danna min wurare a wuya da gwiwa da ƙugu, duk inda ta taɓa sai na zabura. Ta ce sunan ciwon fibromayaljiya, ba ya cin ƙashi, ba ya kisa, amma jijiyoyi ne suke kururuta ciwo, kuma sai mun yi haƙuri da juna kafin mu gano abin da zai yi min. Ta rubuta min ƙwaya ƙarama ta sha kafin barci, ta ce in riƙa ɗan tattaki da safe, in dawo mata duk wata, kada kuma in sha wani maganin ciwo ban gaya mata ba.

A kantin magani mai sayarwa ya dubi takardar ya tambaye ni wa ke fama da ciwon damuwa a gidanmu, don su ake ba wa irinta. Ina yarinya na ga yadda aka ɗaure gwaggota da sarƙa aka kai ta wurin wani malami a ƙauye, an ce ta taɓu, ba ta kuma dawo ba. Na ce wato likitar nan mahaukaciya ta ɗauke ni, lallaɓa ni kawai take yi. In zancen ya fita, wa zai sha shayin mahaukaciya, wa zai bar min 'ya'yana? Na cusa ƙwayar a ƙasan akwati. Na koma sayen maganin kashe zafi a kanti, daga biyu na kai shida a yini, ina korawa da gahawa cikina babu komai. Duk wata ina zuwa wurin likita in ce mata ina shan maganinta. Ita kuma tana mamakin rashin sauƙi, tana ƙara min adadi, tana ba ni haƙuri. Wata biyar ina kallon idonta ina yi mata ƙarya.

Cikina ya fara zafi, bayan gidana ya koma baƙi, na ɓoye wa likita. Wata rana da azahar, kasuwa ta cika da motocin riɗi, na sunkuya zan hura wuta sai duniya ta juya min. Na yi amai baƙi, gari-gari, kamar abin da ke kwantawa a gindin tukunyar gahawa, bayansa kuma jini ja ya biyo. Maƙwabciyata mai sayar da kisra, wato gurasar dawa, ita ta tare abin hawa. A hanya ina jin ta tana maimaita min kalmar shahada, ni kuma ba abin da nake tunani sai cewa zan mutu 'ya'yana suna makaranta, ubansu yana daji.

An ƙara min jini, an ce ƙwayoyin kashe zafin nan sun ƙwaƙule min ciki. Da likitata ta zo, na juya fuskata bango na gaya mata komai. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta zauna a bakin gadon ta ce, "Ya hajja, da kin tambaye ni. Minti ɗaya ya isa." Ta ce gaskiya ne ana ba masu damuwa wannan magani, kuma su ma marasa lafiya ne kamar kowa, amma ɗan kaɗan ɗin da ta rubuta min don barci ne da kwantar da jijiya. Ta ƙara da cewa ita ma da laifinta, da ba ta yi min bayani tun farko ba.

Har yau ciwon yana nan. Akwai ranakun da nake fita kasuwa, akwai waɗanda ko tulu ba na iya ɗagawa, cikina kuma bai ƙara karɓar gahawa ba. Amma yanzu in magani bai karɓe ni ba, ina faɗa, mu canza. 'Yan uwana masu ciwon da ba a gani, na san tsoron a ce ƙarya kuke yi ko kun taɓu. Kada wannan tsoro ya sa ku rufe baki a gaban mai duba ku. In kun ji wata magana a kan maganinku, ku koma ku tambayi wanda ya rubuta shi. Ni kunyar tambaya ɗaya ce ta kusa mayar da 'ya'yana marayu.