Taken da Rediyo Ya Tauna

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba ranar Laraba, ni da wani abokina, a cikin tsohuwar motarsa wadda babu abin da ke aiki sosai a jikinta sai rediyo. Dutsin-Ma muka nufa, daga can mu wuce Kurfi. Da yawanku kun tambaye ni abin da ya kai ni can a lokacin da mutane ke kauce wa hanyar, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da yake har yanzu raina bai koma daidai ba.

Kaset ne ya kai ni. Mahaifina, Malam Iro, manomi ne a wani ƙauye kusa da Rawayau kafin ya dawo Kano sayar da hatsi, kuma ya rasu ban san kaina sosai ba. Abin da na gada a wurinsa shi ne kaset guda na kiɗan gayya da wani ya ɗauka a gonar ƙauyensu. Ga wanda bai sani ba, a wurin gayya kowane gwanin noma yana da takensa, wato ɗan gajeren kiɗan da mai gangar noma ke yi masa shi kaɗai. Ganga ta kira sunansa, shi kuwa ya ƙara duƙawa a kan garma. Tuntuni rediyon gidanmu ya tauna kaset ɗin, aka yanke inda ya lalace, saura ɗan guntu. A guntun akwai take ɗaya da ke fita tsaf, ana kuma jin muryar babana yana kuwwa a bayansa. Shi nake saurare duk lokacin da kewarsa ta taso mini. Burina in samu tsohon da ya buga shi, in yana da rai, ya buga mini cikakke in kai wa Inna, mahaifiyata, wadda ciwo ya kwantar tun bara kuma kullum ƙarfinta raguwa yake yi.

Abokin tafiyata mai haɗa kiɗan hip-hop ne a situdiyo. Shi ne ya yanko taken nan watannin baya, ya yi ta maimaita shi, ya sa masa kiɗa mai nauyi a ƙasa da jita a sama. Na ɗora muku shi a nan da sunan taken babana, kuka yi ta turawa juna, wasu har suka ce ya sa su hawaye.

A mota mun yi yarjejeniya: waƙa ɗaya tasa, ɗaya tawa. Idan ya sa ta samarinsa masu zuba magana kamar kare ya biyo su, sai in rama da gurmi ko kuntigi. Ya ce waƙoƙina na masu ciwon gwiwa ne, na ce nasa ko numfashi ba sa tsayawa yi. Amma gaskiya akwai guda da ya sa wajen Tsanyawa, wani matashi yana ba da labarin yadda suka bar garinsu da kayan jikinsu, sai da na ce ya maido ta farko. Shi ma na kama shi yana kaɗa yatsa a kan sitiyari lokacin da gurmina ke tashi, ya ce sauro ne.

Da muka karya kwana daga Kankiya, raha ta ƙare ba tare da kowa ya ce a bari ba. Ya rage muryar rediyo da kansa. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo, amma maimakon ka ji daɗi sai ka riƙa leƙen abin da ke bayansa. Gonakin bakin titi an nome su tas. Waɗanda ke can ciki kuwa ciyawa ta cinye. Mun tsaya a shingen jami'an tsaro fiye da sau uku, kowanne tambayarsa ɗaya: yaushe za ku dawo? Suka ce kada la'asar ta same mu a hanya.

Mun shiga Dutsin-Ma hantsi ya ɗaga, dutsen yana tsaye a tsakiyar gari, kasuwa ta fara cika. Muka karya da waina da miyar taushe, muka ƙara da soyayyen kifin dam ɗin Zobe. Kifin da ban fi cinsa a loma huɗu ba aka ce naira dubu da ɗari biyar, abokina ya tambayi mai kifin ko kifin ma jami'ar garin yake yi. Daga nan muka nemi shagon masu loda waƙa a memori, don su ne suka san wanda ke kiɗa da wanda ya daina. Mai shagon mutumin Filato ne, ya daɗe a garin har Katsinancinsa ya fi nawa. Nan da nan suka haɗa wayoyi da abokina, ya tura masa waƙoƙin jita zalla na yarensu, shi kuma ya karɓi hip-hop na Kano. Na tambaye shi ko ana neman kiɗan noma. Ya ce ana nema, amma ba manoma ba, sai waɗanda suka baro gonakinsu suka dawo gari. Kuma ba sa sawa a lasifika, a kunne suke liƙawa su koma gefe su zauna. Da ya ji guntun kaset ɗina a waya, bai yi wata-wata ba ya ce tsohon yana Kurfi, gidan 'yarsa, bayan kasuwa.

Tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ba nisa, amma yayyafi ya tare mu, ga ramuka. Mun riƙa wuce babura ɗauke da mutum uku uku da buhun taki. Ba mu sa waƙar kowa ba.

Mun sami tsohon a zaure, kwance a kan tabarma, an jingina masa matashi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da ke riƙe gula, sandar kiɗan ganga, yana kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Gangar tana rataye a bango, fatarta ta tsage. Aka kawo mana fura a ƙwarya. Bayan gaisuwa na gaya masa ko ni ɗan wane ne.

"Iro na Rawayau?" Ya daɗe yana dubana. "Goshin nashi ne. Allah shi jiƙan Iro. Mi ya kawo ka, ɗana, hanya ba daɗi?"

Na ce, "Baba, takensa na zo ji."

Ya ce tun kafin ciwon nan ya ajiye gula. An bar gayya a ƙauyensu saboda ganga tana kai sauti nesa, mutanen daji suna jin ta su san inda maza suka taru. Damina biyu ke nan da suka taso gaba ɗaya.

Abokina ya matso da waya ya sa masa haɗin da ya yi. Na ɗauka tsohon zai ɓata rai, sai na ga yana gyaɗa kai, har ya ce wanda ke bugun na ƙasan yana da hannu, ko ɗan gidan makaɗa ne? Abokina ya rasa inda zai sa kansa don daɗi. Sai tsohon ya ce a cire sauran tarkacen a bar mishi gangar kaɗai. Na sa masa ainihin guntun. Ya lumshe ido, ya yi murmushi, ya ce, "Tanko."

Na ce, "Iro dai, Baba."

"A'a, ɗana. Wanga taken Tanko ne, abokin karawar ubanka. Ranar nan ya tsere mishi da kunyar noma guda. Kuwwar da kake ji, Iro ne ke ce mani in bar na Tanko in buga nashi. Na kuwa juya gula. Ga shi nan, ka ji na ɗauke hannu? To nashi ne ke biye."

Daidai nan kaset ɗin ya yanke. Na san wannan ɗauke hannun kamar yadda na san sunana, ban taɓa sanin ƙofar taken babana ce ba. Kunya ta kama ni, baƙin ciki ya biyo baya. Duk shekarun nan ina kuka da taken wani, har na raba wa duniya. Na tambaye shi ina Tanko. Ya ce bara ya koma gonarsa, mutanen daji suka kashe shi da garma a hannu, iyalinsa suna Dutsin-Ma.

Can sai ya ce a shanye furar a kifa mishi ƙwaryar. Ya ɗora hannun hagu a kanta ya fara bugawa, ya ɓace masa, ya sake, ya ɓace. A na uku ya haɗa da baki, yana fitar da muryar ganga da leɓensa da ya karkace, sannan ya faɗa mini abin da take cewa: Iro, rana ta gaji, kai ba ka gaji ba. Bai kai minti ɗaya ba numfashinsa ya ƙare. Abokina, wanda ko gaisuwa ba ya yi ba tare da wasa ba, ya riƙe waya da hannu biyu yana ɗaukar kiɗan bai motsa ba. Da muka fito ya ce wannan ba zai sa masa komai a ƙasa ko a sama ba.

A hanyar dawowa mun tsaya a shagon mutumin Filato, muka bar masa guntun kaset ɗin da haɗin hip-hop ɗin, muka ce duk ranar da wani daga gidan Tanko ya zo, ya loda masa kyauta, nasu ne. Muka bar Kankiya a baya kafin la'asar, muka shiga Kano ana kiran magariba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, son kiɗa daban, jin abin da yake faɗa daban. Mun iya tura waƙa daga waya zuwa waya, amma masu fassara mana ita suna kwance a zaurukan 'ya'yansu, kuma ba su da yawa. Wanda na ɗora muku a baya, don Allah ku gyara sunansa, taken Tanko ne.

Washegari da safe na shiga ɗakin Inna na sa mata wayar a kusa da kunne. Bugu uku aka yi a kan ƙwaryar ta buɗe ido, leɓenta ya riga tsohon faɗin kalmomin. Da ya ƙare na ce, "Inna, ashe wancan ba nasa ba ne."

Ta ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka fara sawa. Ai ni aka yi wa gayyar, gonar babana ce." Ta juya fuskarta wajen bango. "Na ga shi kaɗai gare ka, ban iya karɓe maka ba. Sake sa mini."