Hoton Jikka Huɗu

Jama'a, yau na ga hoton da ya fi kowane tsada a Ƙonni!

Ƙanena Nuhu ne, ɗan shekara sha shida. Rani guda yana ban ruwan albasa a garkar Kawu, har ya tara jikka talatin na saifa, kuɗin ƙasarmu, kowace jikka saifa dubu. Wai keken zuwa lakwal, wato makaranta, zai saya. Da safe ya tafi kasuwa. Azahar sai ga shi a ƙasa, ba keke!

Na ce, "Nuhu, ina keken?"

Ya ce, "Yaya, kuɗin ba su kai ba. Jikka ashirin da shida suka rage mini."

"Sata aka yi maka?"

"A'a, canji na yi."

Ku ji sakarci! Takardu uku ne kuɗin, 'yan jikka goma-goma. Wai ba su da kauri. Shi ne ya kai wa ɗan canji aka ba shi damin naira. Ya baza su kamar mafici, abokinsa ya ɗauke shi hoto da wayar salular Nuhun. Sannan ya koma aka mayar masa da saifa. Zuwa da dawowa, ɗan canji ya yanki jikka biyu.

Na ce, "To ina sauran biyun?"

Ya sunkuyar da kai. "Sau biyu na yi. Hoton farko na rufe ido."

Inna sai salati take!

Baba ya ce a miƙo salular. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Ya yi kyau, Alhaji. Gobe shi za ka hau zuwa lakwal."