Inna a kan turmi

Ni ce ƴar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. In ta ga dole sai ta ce "waccan", idonta na kan tukunya.

Hutun damina ya same ni gida, a ƙauyenmu na ƙasar Gidan Sori, aikin ƙarshen shekara na lakol, wato makarantarmu, bai kammala ba. Na haɗa ƴar manhaja da ke magana da injinan da ke riƙe da kundin kuɗin kirifto a ƙasashe masu nisa. Tsakaninsu akwai laburare, wato aikin da wasu suka riga suka rubuta, shi ke ɗaukar tambayata ya kai, ya dawo da amsa. Ina son shi. Nakan ji kamar na zura guga a rijiyar da ban ga gindinta ba, igiya ta yi nauyi. Sai dai ba shi da haƙuri: rezo, wato sabis na waya, ya yi rauni kaɗan, ya saki.

Malaminmu, da muke ce ma Mushe, ya ce in nuna mashi aikin ta bidiyo, in bai gani da idonshi ba sai baɗi. Ranar kowa na gona. Rezo kuma a gidanmu sama yake, saitin bakin rumbu. Ina ta miƙa salula, wayar hannuna, sama, ina dawowa ga ordinatar, kwamfutar da ke jan rezo daga gare ta. Inna ta taso. Ta kife turmi, ta karɓi salular, ta hau, ta ɗaga hannu.

Mun fara ke nan sai na ji moto, wato babur, ya tsaya, aka yi sallama. Baba Babba ne, yayan mahaifina, daga Gidan Rumji. Mutumin da Inna ba ta taɓa gaida shi a tsaye ba, ko muryarshi ta ji daga zaure sai ta ja mayafi ta durƙusa.

Ya shigo, ya gan ta can sama, zane a ɗaure, hannu a miƙe. Ya yi sauri ya mai da ido ga akurkin kaji.

"Lafiya dai? Ko maciji ne?"

Ta fara lanƙwasa gwiwa za ta durƙusa. Rezo ya ragu.

"Inna, don Allah," na ce a hankali.

Ta miƙe. Daga can ta amsa gaisuwarshi, murya kamar ba tata ba. Shi kuma ya yi ta tambayar kaji lafiyar yara da damina.

Amsa ta iso, lambobi suka jeru a fuskar ordinatar. Mushe ya yi murmushi.

"Madalla. Sake yi sau ɗaya, in tabbatar."

Da na ce mashi ya dakata, da ya dakata, mutumin kirki ne. Na ɗaga kai, na ga gumi na bin damtsen Inna, ta rufe ido. Kunnuwana suka yi zafi. Na sunkuyar da kai, na sake dannawa.