Tukunyar Iri a Kan Dutsen Doguwa

Jiya jikata ta zuba tokar murhu cikin wake don kada ƙwaro ya ci, sai warin ya bugi hancina. Toka da tsaba in sun haɗu suna da wani wari nasu daban. Na ajiye carbina, na kasa ci gaba da ja. Kai mai karatu, in ba ka taɓa fasa bakin tukunyar iri da aka liƙe da laka ba, da wuya ka san inda warin nan ya kai ni.

Garinmu ya kai ni, can wajen Dogon Kiriya, zamanin Nasara. Ina yarinya, ko ƙirgen dangi ban fara ba. A shekarun nan da an gama girbi sai gardi, dogaran Nasara masu jar hula, su zo, su ɗebi hatsin kowane gida su kai rumbun kwamanda, wai ajiya ake yi mana saboda yunwa. Shigar hatsin dai muna gani. Babana kuma tun rani aka tafi da shi aikin hanya, aka bar gida a hannun baffana, mutum mai sanyi, wanda ko tarin gardi ya ji sai ya cire hula.

Bazarar ta yi tsanani. Muka koma cin anza, 'ya'yan wani itacen daji, ana jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Har irin shuka ya shiga turmi. Rannan da la'asar hadari ya taso daga gabas, aka sheƙa ruwa, gari ya waye ƙasa ta jiƙu sosai, amma ba wanda ya ɗauki sungumi. Me za a zuba a ramin? Baffa ya ce zai je Dogon Dutsi wurin kwamanda ya roƙa a buɗe rumbu. Kakata, uwar babana, tana kwance da kurkunu a ƙafa, ana naɗe shi a tsinke. Ta ce masa, "Kahin ka kai, ka durƙusa, ka komo, ƙasa ta bushe."

Da ya fita sai ta yafito ni. Ta tambaye ni ko na san dutsen Doguwa. Wa bai san shi ba? Yana tsaye shi kaɗai can bayan gonaki, jawur, kansa a baje kamar faifai. Makiyaya kewaye shi suke yi da shanunsu, don tsoron Doguwa, aljanar da aka ce tana zaune a kansa. Tsofaffin mata sun sha gaya mana duk wanda ya hau, da karkataccen baki zai sauko, kuma kaka ta fi kowa iya ba da labarin.

"Irinmu na bisa," in ji ta. "Ni na kai shi bayan girbi. Akwai shaidar babban yatsana ga lakar bakin tukunya. Ki yi sallama. Wadda ba tamu ba, kada ki taɓa ta."

Ashe baffa yana bakin ƙofa. Ya ce, "Ɗiya mace, ga dutsen ga? In kin tahi, ni da ke ne!" Na ce to. Na ɗauki tulu kamar mai zuwa rijiya, na kife shi bayan darni, na miƙe gabas.

Kafin in kai gindin dutsen hantsi ya dubi ludayi, ƙarangiya ta cika mini zane. Farkon hawan tsakuwar marmara ce, ka taka ta zame da kai, sai na riƙa kama rassan geza ina jan jikina. Daga nan dutsen ya miƙe tsaye, ba hanya sai wata tsaga da ruwan jiya ya bari da santsi. Na shiga, na tokara baya da gefe ɗaya, ƙafafu da ɗayan, ina turawa kaɗan kaɗan. Wani dutse da na kama ya ɓalle a hannuna, gwiwata ta bugu ta fashe, na ji shi yana ta gangarawa bai daina ba. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba, har fitsari ya kusa kufce mini. Amma sai na tuna gardin da ya cusa sandarsa cikin tukunyar tuwon innata yana neman ɓoyayyen hatsi, haushi ya turnuƙe ni ya kori tsoron. Na ɗaga murya na yi sallama, na ce, "Doguwa, in karkata mini baki za ki yi, ki bari in kai iri tukuna."

Iska ce ta tarbe ni a saman, mai sanyi. Ban taɓa sanin ƙasarmu tana da faɗi haka ba. Ga garinmu can ƙasa, bukkokinsa kamar ƙore a kife. Na leƙa ƙarƙashin wani falalen dutse ina neman tukunyar kaka, sai na yi turus. Tukwane ne reras, kowace an liƙe ta, wata da zanen tsinke, wata da shaidar dunƙulen hannu. Ashe tsofaffin nan masu tsorata mu, da sandunansu da ciwon bayansu, duk nan suke hawowa. Na zauna na yi ta dariya ni kaɗai, jini yana bin ƙwaurina.

Na gano tamu da shaidar yatsan kaka, na fasa bakinta, warin toka da hatsi ya tashi. Na juye a zane na goya kamar jariri. Saukowa ta fi hawa wuya, fuska ga dutse, yatsun ƙafa suna lalube.

A bakin gona na tarar da baffa riƙe da tsumagiya. Ban gudu ba. Na kwance goyon a gabansa, na ce, "Baffa, ka doke ni bayan shuka." Ya dubi hatsin, ya dubi gwiwata, ya yar da tsumagiyar ya je ya ɗauko sungumi. Shi yana sara, ni da inna muna zuba muna takewa, har rana ta faɗi. Washegari sai ga gonakin maƙwabta su ma an shuka, ba wanda ya tambayi wani inda ya samo.

Na ce wa kaka, ashe babu Doguwa. Ta harare ni, ta ce, "Rufe bakinki. Tana nan. Masu zuwa ƙwace ne ba ta so." Babana ya dawo gab da girbi, ƙafafunsa duk sun tsage, ya tarar da hatsi ya fi shi tsawo.

Yanzu an kafa ƙarfen waya a kan dutsen, samari suna hawa don ɗaukar hoto. Iri kuma a buhu ake sayo shi. Jikana ya ce in zubar da tsohon irina, wai ba ya saurin nuna. Na ɗaga zane na nuna masa tabon gwiwata. Tukunyar irin tana ƙarƙashin gadona, da shaidar yatsana a bakinta. Mai son zubar da ita ya zo ya ɗauka mu gani.