Allurar Zafi a Hanyar Tsafe

Shekarar da ciwon ido ya rage wa maigidana gani, likita ya hana shi tuƙi, sai makullin jif ɗinsa ya dawo hannuna. Tsohuwar mota ce. Ta hannu ya saye ta tun yaranmu suna firamare, kuma kafin in fara tuƙa ta, ta riga ta haura kilomita dubu ɗari uku. Ni ke tuƙi, shi yana zaune a gefena, kansa a ɗan karkace yana sauraron injin.

Mahaifiyarsa tana Tsafe, ta ƙi dawowa Gusau ko da an yi ta roƙonta. Duk wata muna kai mata magani da ɗan abin masarufi. Kowa ya san yadda hanyar ta zama saboda 'yan bindiga. Ba a yin sammako, ba a yin yamma, ba a kuma tsayawa inda babu mutane. A da in mota ta mutu a daji, wahalar yini ɗaya ce. Yanzu ba wanda yake so ya ƙarasa wannan tunanin.

Wata rana na kai motar juyen baƙin mai wurin bakanikenmu, wani Bayarabe haifaffen Gusau wanda ya fi ni iya Zamfarci. Da ya gama sai ya tsaya yana goge hannu, bai miƙo mini makulli ba.

"Hajiya, bel ɗin cikin injin wagga mota ya tsufa. Ban ce gobe zai tsinke ba, yana iya yin shekara. Amma ranar da zai tsinke ba ya sallama. Inda kike nan za ki tsaya."

Ya ce in za a buɗe, gara a canza famfon ruwa gaba ɗaya, tunda a bayan bel ɗin yake.

Da na kai wa maigidana maganar, ya girgiza kai tun ban ƙarasa ba.

"Motar da ke tafiya lafiya ba a buɗe mata ciki. Kayan da ke jikinta sun fi na kasuwa yanzu. Ki cire mai kyau ki sa jabu, mi kika yi ke nan?"

Ba ƙarya ya faɗa ba. Maƙwabcinmu ya taɓa sa sabon famfo da bai yi wata ba ya fara yoyo. Amma duk lokacin da na rufe ido, hanyar nake gani da motar a tsaye.

"Malam," na ce, "ni ke riƙe da sitiyarin."

Na san maganar ta taɓa shi a inda yake ciwo, na kuma bar ta a haka. Muka yi kwanaki ba mu sake tayar da ita ba, har wata safiya yana shan koko ya ce, "A canza. Amma a nemo mai kyau ko a ina yake."

Aka nemo, aka canza. Don gwaji muka je Bungudu muka dawo, allurar da ke nuna zafin injin tana tsaye a tsakiya kamar an kafa ta. Maigidana ya saurara, ya saurara, ya ce bai ji komai ba.

Tafiyar Tsafe ta zo cikin damina, lokacin da gero da dawa suka fi mutum tsawo. Da hantsi muka fita. Gonaki sun rufe hanyar hagu da dama, ba ka ganin abin da ke bayan layin farko. Mun wuce Kwatarkwashi, duwatsun sun koma cikin madubi, sai idona ya faɗa kan allurar. Ta bar tsakiya.

Ban faɗa masa ba. Na ce wa kaina hawa muka yi, za ta sauko. Ba ta sauko ba.

Sai ya ɗaga hanci. "Mi ke ƙauri haka, kamar sukari ya ƙone?"

Na ƙara duban allurar.

"Allurar tana ina?"

"Ta wuce tsakiya."

"Da yawa?"

"Tana tafiya wajen ja."

Na zaci zai ce ai ya faɗa mini. Bai ce ba. Muryarsa ta sauka ƙasa, ta daidaita.

"Ruwa take zubarwa. Kashe sanyin. Buɗe gilasai duka. Kunna hita, ki kai ta ƙarshe, za ta janye zafi daga injin. Rage gudu, amma kada ki tsaya."

Iska mai zafi ta buso mini a ƙafafu da fuska. Gumi ya jiƙa mayafina. Babu mota gabanmu, babu bayanmu. Wata motar haya da muka biyo tun daga Gusau ta riga ta ɓace. Allurar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da hawa a hankali.

"In ta taɓa ja fa?" na tambaye shi.

"Ki ci gaba."

"Injin zai ƙone."

"Ya ƙone. Ki ci gaba har sai ya mutu da kansa."

Mutumin da ba ya yarda a rufe ƙofar motar nan da ƙarfi ne ya faɗi haka. A nan tsoro ya kama ni sosai.

Can gaba sai babura biyu suka fito daga wata 'yar hanya ta cikin gero, kowanne da goyon mutum, fuskokinsu a naɗe. Suka hau kwalta suka nufo mu. Shi ba ya ganinsu, amma ya ji ƙarar.

"Su nawa?"

"Biyu."

"Kada ki kalle su. Riƙe hannunki."

Na ji yana karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Na kafa ido a kan kwalta. Suka zo daf da mu, na gaban ya juyo ya leƙa cikin motar, suka wuce. Na bi su a madubi har suka sake kutsawa cikin gona. Ko manoma ne da suka rufe fuska saboda iska, ko wasu ne, har yau ban sani ba.

Allurar tana gab da jan layi lokacin da na hango rumfuna da hayaƙin masu gasa masara, da shingen jami'an tsaro a gaba kaɗan. Na gangara gefe na kashe motar. Tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet.

Maigidana ya hana kowa taɓa murfin lagireto, ma'ajiyar ruwan motar, sai da injin ya huce. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya sunkuya, ya fara bin tiyon ruwa da yatsu tun daga sama har ƙasa. A can ƙasa ya tsaya.

"Ga shi. Zoben da ke matse tiyon ne ba a ɗaure sosai ba."

Ba bel ba ne, ba famfo ba. Zobe ne da aka kwance wajen aiki aka mayar da shi sakwa-sakwa, tafiyar Bungudu ba ta isa ta tona shi ba. Na miƙa masa sukundireba, na ɗora masa bakinta a kan ƙusar, shi ya murɗa. Wata mai masara ta kawo mana ruwa a bokiti, ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ki fara sha kafin ki ba motar."

Mun isa Tsafe bayan azahar. Inna, mahaifiyarsa, ta yi faɗan mun bar ta tana ta zuba ido a ƙofa. Ba mu gaya mata komai ba. A can muka kwana, washegari muka jira motocin haya suka taso muka shiga tsakiyarsu.

Da muka shigo Gusau, kai tsaye gareji muka wuce. Bakaniken ya leƙa ƙasan motar, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce, "Alhaji, hannuna ne. Ku yafe mini." Maigidana ya ce ya wuce. Sannan ya nemi a kawo masa tsohon bel ɗin, ya lanƙwasa shi, ya bi cikinsa da babban yatsa. Duk ya tsattsage, wani wurin har zare ya fito. Ya mayar wa bakaniken abinsa.

Maigidana ya sa aka kawo masa benci ya zauna a gefen motar, ya ce a canza tiyoyin ruwan duka yana nan. Duk zoben da aka ɗaure sai an kama hannunsa an kai shi wurin ya taɓa. La'asar ta same mu a garejin, na yi salla a kan tabarmar mai sayar da shayi, muka dawo gida.