Tulun Bahaguwa

Tun ranar da ƙawata ta turo mini sanarwar nan a waya ban sake samun sukuni ba. Ana neman waƙoƙin matasan Afirka, za a tace a buga waɗanda suka yi fice a kundi guda, kuma an yarda kowa ya rubuta da harshensa ya haɗa da fassara. Waƙa kam ina da ita. Abin da ya tsaya mini a wuya sharaɗi ɗaya ne: alƙalan ba sa son sanin mai waƙa, don haka duk wadda aka ga suna a cikinta gefe za a ajiye ta.

Mu kuwa a gidanmu na Ƙofar Atiku, cikin birnin Sakkwato, ba a rufe waƙa haka kawai. Gidan malamai ne, kuma tun kakanni duk wanda ya tsara waƙa sai ya faɗi sunansa a baitin ƙarshe, ya ambaci wanda ya koya masa, ya roƙi mai saurare ya yi musu addu'a. Nawa baitin cewa ya yi Hajara ce ta tsara, jikar Inna Tumba, wanda ya ji ya nema wa tsohuwar gafara. Inna ta rasu ina sakandare. Sai nake ji kamar in na cire baitin nan na hana ta addu'a ke nan don kawai a buga ni a littafi. In goge, in mayar, in sake gogewa. A makarantar da nake koyarwa a Arkilla har abokan aiki suka fara tambayata ko lafiya, ga shi kuma ranar rufe karɓa tana ta matsowa.

Cikin wannan kai-kawo ne murhun Inna ya riƙa dawo mini. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, mu jikoki mukan kewaye ragowar garwashin tuwo. Inna ta tura dankali cikin toka, ta ja zanenta ta rufe ƙafafu, ta ɗauki wani guntun icce da ba ta rabuwa da shi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita cewa take, "Kunnuwa sun iso, ko in jira?" Mu kuwa mu haɗa baki, "Sun iso, Inna!" ko da rabin hankalinmu yana kan dankali.

Akwai wadda na fi so, ta wata mai ginin tuluna. Matar nan, in ji Inna, duk tulun da ta gina sai ta danna babban yatsanta a gindinsa kafin ya bushe, shaidar cewa nata ne. Tana da 'ya ɗaya da miji ya tafi da ita nesa, bayan kogi, shekara da shekaru ba labari. Wata rana sai ga falke da jakuna. A nan Inna kan ƙara kaurin murya: "Tulunanki sun yi, amma ba ni son shaida. Can inda za ni, sanyin ruwa aka tambaya, ba yatsa ba. Ki shahe, in ɗauka. Ki bari, in wuce."

Daidai nan take tsayawa, kullum, ko wace tatsuniya ce. Sai ta kai mu inda abin ya fi tsanani, ta yi shiru, ta nuna ɗayanmu da iccen nan.

"Ke Hajara, in ke ta, mi za ki yi?"

"Ni ba ni shahewa, Inna. Shi wuce!"

"Taurin kai dai, kamar na ubanki. Kai Sani?"

Sani, ɗan baffana, ya ce shi cikin tulun zai sa yatsa, inda falke ba zai gani ba. Inna ta yi dariya har da tari, ta ce wannan in bai zama alƙali ba to alƙali zai sha wahala da shi.

Matar dai ta shafe. Ta jiƙa hannu ta bi tulunan ɗaya bayan ɗaya tana hawaye, don tana son su je inda ƙafarta ba za ta kai ba. Falke ya kai su wata kasuwa mai nisa, aka jera su cikin na wasu, ba mai bambancewa. Sai wata mata ta zo saye, ta kama wuyan ɗaya, ta ji ya ɗan karkata hagu. Uwarta bahaguwa ce, kuma haka wuyan tulunanta suke tun tana yarinya, abin da ita uwar ba ta taɓa lura da shi ba. Nan ta zauna tsakiyar kasuwa ta rungume tulun tana cewa uwarta na raye. Da falke zai koma, ta biyo shi har gida. Inna ta ja toka ta rufe garwashi ta ce, "Wuta ta kwanta, ku ma ku tashi."

Da abin ya ishe ni, wata rana bayan la'asar na tari mai keke na nufi tsohon gidanmu. Muka ratsa cunkoson masu ziyara a Hubbare, ni ko ganinsu ban yi sosai ba. Na tarar da Goggo Asabe, ƙanwar babana, autar Inna, tana tsintar shinkafa a faifai. Ban gaya mata komai ba, na ce dai ina da waƙa ina son ta ji. Waƙar ma ba a kan Inna take ba, a kan wata uwa ce da ta raka ɗanta tasha. Na karanta daga waya, na yi niyyar in tsaya kafin baitin ƙarshe in ji yadda za ta zauna a kunne.

Ban ma kai can ba. A tsakiya, inda mota ta tashi, uwar ta rasa ko ta ɗaga hannu ko ta riƙe ƙofa, akwai layin da ke juyowa ya tambayi mai saurare abin da zai yi. Goggo ta ajiye faifai.

"Tsaya. Maimaita wurin ga."

Na maimaita.

"Wanga tsayi na Inna na," ta ce. "Haka taka yi, ta kai mutum bakin rijiya ta bar shi nan tana tambaya tai. Allah shi jiƙan Inna, shi kai haske kabarinta."

Na ce amin, sai kuka ya ƙwace mini. Wallahi ban san na ɗauko salon Inna a waƙar ba, kuma ban roƙe ta addu'ar ba. Da na natsu na faɗa mata zancen sharaɗin da baitin. Ta ɗauki faifanta ta ce, "Aika masu, ɗiyata. Baitin ki bar muna shi nan gida, mu munka san ta."

A kan tabarmar da muke zaune na cire shi na tura.

Har yau ba amsa. Ina duba waya fiye da kima, ko a aji sai in ji kamar ta yi motsi a jaka, kuma ban ce za su ɗauka ba. Amma da ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar nan labarin uwa da 'ya ce kawai. Yanzu sauran tulunan nake tunani, waɗanda baƙi suka saya suka kai gida suka sha ruwan sanyi ba su san hannun da ya gina ba. Mutum ɗaya tak ya gane, kuma ya wadatar da matar. Ni nawa mutum ɗayan ya gane tun waƙar ba ta bar Sakkwato ba. Baitin kuwa Goggo ta sa na maimaita mata har ta haddace, kuma duk ranar da na je gidan sai ta rera shi tana aikinta, ta kawo kan sunan Inna ta tsaya, sai na ce amin sannan ta ƙarasa.